Nazarin Lamari: Fargabar Jama'a Da Abin Da Awon Jiki Ke Iya Nunawa A Kanta

Matashin da wannan nazari ya shafa ɗan shekara 23 ne, ɗalibi a wata kwalejin horon malamai a jihar Zamfara, kuma an sakaya sunansa da na garinsu. Mahaifinsa, wanda ke fataucin hatsi, shi ya kawo shi asibiti a Gusau bayan da ya bar makarantar firamaren da aka tura shi koyarwar gwaji, ya koma gida ya ce ya haƙura da karatun. A rana ta uku da fara aikin ne malamin da ke duba ɗalibai ya shigo ya zauna a bayan aji, sai alli ya kama rawa a hannunsa, murya ta shaƙe, gumi ya jiƙa masa riga tun hantsi bai dubi ludayi ba. Ya ajiye allin ya fita, ko jakarsa bai koma ɗauka ba.

Bukatar mahaifin guda ɗaya ce, kuma da ita ya buɗe baki bayan gaisuwa: "Likita, in ciwo na, ai jini ba shi ƙarya. A ɗiba a gani." Maganar tana da tushe, domin mutumin yana da dangi a yankin Anka, kuma ya ga abin da ya faru a shekarar 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta hallaka yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A wancan lokaci ma'aikatan ƙungiyar likitocin Na-gari-na-kowa ta MSF kan ɗebi jinin yaro, na'ura ta fitar da lamba, lambar kuma ita ce ke yanke hukunci: wanda dalmar jininsa ta kai maikurogiram 45 a kowace desilita, za a sa shi a kan maganin da ke tsamo gubar. Wannan ita ce alamar jiki mai aunuwa a cikakkiyar siffarta, wato abu guda da ake aunawa, ya nuna cuta, ya nuna tsananinta, sannan ya sauka idan magani ya ci. Irinta Alhajin, wato mahaifin, yake nema wa ɗansa, kuma duk wannan nazari ya ginu ne a kan dalilin da ya sa ba a iya ba shi ita ba: ciwon ɗan nasa, wato cutar fargabar jama'a, ba shi da irin wannan awo.

Tarihin ciwon

Mahaifiyarsa, wadda aka ji ta bakinta ta waya, ta ce tun yana goye yake da ƙiwa mai tsanani, ba ya yarda da kowa in ba ita da yayarsa ba. Ƙiwa ba baƙon abu ba ce ga jariri, takan fara ne bayan wata shida zuwa takwas ta kuma lafa kafin shekara uku, amma tasa ba ta lafa ba. Ya shiga makarantar allo da ta boko yana yaro mai shiru-shiru, mai kaifin hadda, wanda malamai ke yabon natsuwarsa. Abin ya fito fili ne ranar walimar saukarsa yana ɗan shekara 14, sa'ad da aka miƙa masa allon zayyana a gaban jama'ar unguwa, malam ya biya masa farkon Baƙara, shi kuwa ya kasa fitar da ko harafi, alhali ayoyin da yake karantawa ne a ɗaki ba tare da ya dubi allo ba. Sa'o'insa suka laƙaba masa wani suna na tsokana wanda ya bi shi har sakandare.

Daga nan duniyarsa ta yi ta ƙunci a hankali. Ya daina zama majalisa, ya daina shan shayi a teburin mai shayi saboda kofin yana rawa a hannunsa, ya koma ɗiban tuwonsa a wani kwano dabam maimakon sa hannu da 'yan'uwansa a ƙwarya ɗaya. Idan liman bai zo ba aka fara waige-waigen wanda zai ja sallar Magariba, shi da ya fi kowa karatu a sahun sai ya sulale waje kamar alwalarsa ta karye. Ɗaurin aure yakan je ne bayan an shafa fatiha, ya tsaya daga nesa yadda za a shaida ya zo.

Kafin zuwansa wannan asibiti an yi masa maganin taifot da maleriya ba sau ɗaya ba, an ce olsa ce, an yi ruƙiyya, an sha rubutu. A wani kemis an auna hawan jininsa mutane na tsaye a kansa, aka samu 150 bisa 90, aka ba shi ƙwayar hawan jini ya sha na 'yan makonni har jiri ya sa ya bari. Sai da aka roƙi mahaifin ya ɗan ba su wuri sannan ya faɗi abin da ya rage, wato tun shekararsa ta farko a kwaleji wani aboki ya nuna masa tiramol, kuma yakan sha shi duk ranar da zai tsaya gaban aji. Ranar da ya gudu ma ya sha, bai yi masa aiki ba.

Abin da aka auna

An ɗebi jini kamar yadda Alhaji ya nema, amma an yi masa bayani tun farko cewa ana neman abin da za a kawar ne daga zargi. Cututtukan jiki da dama suna kawo faɗuwar gaba da gumi da karkarwa, kuma na gaba a cikinsu shi ne wuce gona da irin da halittar maƙogwaro mai suna tayiroyid ke yi, wadda kumburinta ne ke zama maƙoƙo. An auna sinadaranta, an auna yawan jini da sukari, an yi gwajin zuciya na ECG, duka suka fito lafiya. Hawan jininsa kuwa, da aka bar shi shi kaɗai a ɗaki ya huta kafin a sake aunawa, sai ya dawo daidai. Ba a nemi awon dalma ba, domin bai taɓa zama inda ake niƙan dutsen zinariya ba.

An yi wani ɗan gwaji mai sauƙi da izininsa. Yana zaune shi kaɗai, bugun zuciyarsa 76 ne a minti. Da aka shigo da ɗaliban jinya uku aka ce ya miƙe ya karanta musu sakin layi ɗaya daga jarida, bugun ya haura 124, tafin hannunsa ya jiƙe, takardar tana kaɗawa. Mahaifin ya ɗauka an kama ɓarawo ke nan. Sai dai duk wanda aka tsayar gaban baƙi zuciyarsa za ta ƙara gudu, domin aikin adirenalin ke nan, wato sinadarin da jiki ke fitarwa idan mutum ya firgita. A wani bincike da Iris Mauss da abokan aikinta suka wallafa a 2004 daga Jami'ar Stanford ta Amurka, an sa ɗalibai masu yawan fargabar jama'a da marasa ita sun yi jawabi ana auna jikinsu. Masu fargabar sun ce zuciyarsu ta fi bugawa, tafinsu ya fi gumi, amma na'urorin ba su nuna wani bambancin a zo a gani ba tsakanin rukunan biyu. Abin da ya raba su shi ne yadda kowa ke sauraron jikinsa da fassarar da yake yi wa abin da ya ji. Saboda haka lamba 124 shaida ce cewa matashin ba ƙarya yake ba, amma ba ta isa ta raɗa wa ciwonsa suna ba.

Kotisol, wato sinadarin da wata 'yar halitta a saman ƙoda ke fitarwa idan mutum ya shiga matsi, ba a nemi awonsa ba, kuma da gangan aka ƙi. Yakan kai ƙololuwa ne kamar rabin sa'a bayan tashi daga barci, ya yi ta sauka har tsakar dare, kuma rashin barci da yunwa da goro da shayi duk suna motsa shi. Masu bincike suna da wata hanya da aka tsara a birnin Trier na Jamus a 1993, inda ake sa mutum jawabin minti biyar gaban alƙalai masu murtuke fuska, sannan ya yi minti biyar yana ɗebe 13 daga 1022 da baki, ana ɗibar yawunsa lokaci-lokaci. Ko da wannan tsari mai tsauri, sakamakon bai zo iri ɗaya ba: wasu bincike sun samu kotisol ya fi tashi ga masu cutar, wasu ba su ga bambanci ba, wasu ma sun ga ya fi kwanciya. Haka nan an samu cewa ɗan sauyin da ake samu a tazarar da ke tsakanin bugu da bugu na zuciya yakan ragu ga masu cutar, amma yakan ragu ga masu ciwon damuwa da masu ciwon sukari ma.

Ƙwaƙwalwa da gado

Wani ɗan'uwansu da ke aiki a Abuja ya ba da shawarar a kai shi hoton ƙwaƙwalwa, har Alhaji ya fara lissafin buhun gero nawa zai sayar. An hana shi, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a yi bayani, domin a ƙwaƙwalwar ne aka fi samun alamomi masu ƙarfi, kuma a nan ne aka fi saurin ruɗuwa da su.

Akwai wani ɗan curi a can cikin ƙwaƙwalwa, ɗaya a kowane ɓari, da ake kira amigdala, wanda ke saurin tantance abin tsoro tun kafin tunani ya kai gare shi. Idan aka sa masu fargabar jama'a cikin na'urar MRI mai nuna motsin jini aka nuna musu fuskokin mutane masu fushi ko raini, amigdalarsu kan fi ta sauran mutane zabura. Amit Etkin da Tor Wager sun tattara irin waɗannan bincike a 2007, suka tabbatar da hakan ga amigdala da wani sashe mai suna insula, wanda ke kawo wa mutum labarin abin da ke gudana a cikin jikinsa. Amma a cikin wannan aikin nasu sun ga irin zaburar ga masu tsoron abu guda kamar maciji, da masu fama da ciwon firgici bayan sun tsira daga tashin hankali, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a jihar da mutane da yawa suka ga harin 'yan bindiga da idonsu. Sannan bambancin na matsakaicin rukuni ne. Matsakaicin tsawon maza ya fi na mata, amma idan aka ba ka tsawon mutum ɗaya a takarda aka ce ka faɗi ko namiji ne ko mace, sau da yawa za ka faɗi ba daidai ba, domin dogayen mata da gajerun maza sun cika gari. Ga shi kuma MRI ɗin da asibitoci ke yi na yau da kullum siffar ƙwaƙwalwa yake nunawa, don neman ƙari ko shanyewar ɓari, kuma da an yi wa wannan matashi da babu abin da zai fito sai rasit.

Ƙiwar da mahaifiyarsa ta ambata ta fi duk waɗannan amfani a wajen likita. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya bi diddigin yara tun suna jarirai, ya samu cewa kimanin ɗaya cikin biyar na 'yan wata huɗu sukan yi kuka da wutsil-wutsil fiye da kima idan aka nuna musu baƙon abu, kuma da yawansu sukan tashi masu ɗari-ɗari da baƙi. A 2003 Carl Schwartz da Kagan da wasu suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 22 da aka tantance halinsu tun suna 'yan shekara biyu, suka ga waɗanda suka kasance masu ɗari-ɗari har yanzu amigdalarsu ta fi zabura da ganin baƙuwar fuska, bayan kusan shekara 20. Wani tattara bincike na 2012 ya nuna cewa kimanin kashi 40 cikin ɗari na irin waɗannan yara sukan kamu da cutar. Adadin yana da yawa, amma ya bar fiye da rabi da ba sa kamuwa, don haka ƙiwa gargaɗi ce da ke bukatar wani abu ya hau kanta, kamar yadda ranar walima da sunan tsokana suka hau kan tasa.

Ta wajen gado, binciken tagwaye yana nuna cewa kamar kashi ɗaya bisa uku na haɗarin daga halitta yake, kuma wanda uwa ko uba ko ɗan'uwansa na jini ke da cutar ya fi sauran mutane haɗari da ninki biyu zuwa shida. Babu ƙwayar halitta guda da ke ɗauke da ita da za a ce a je a auna. A gidan nan Alhaji ya ce babu mai irin wannan, amma da aka ci gaba da tambaya sai ta bayyana cewa mahaifiyar ba ta zuwa biki ko suna sai dole, in ta je ba ta iya cin abinci, kuma ko a cikin kishiyoyi ba ta doguwar magana. A ganina zaman kulle ya rufa mata asiri, domin rayuwarta ba ta taɓa tilasta mata tsayuwa gaban aji ba, kuma abin da ya zama nakasu ga ɗan an yi masa kallon kamun kai a wajen uwar.

Yadda aka kai ga hukunci

Tun 1980 kundin DSM na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ya ware wannan cuta, kuma har bugunsa na biyar na 2013 babu awon jini ko hoto ko ɗaya a cikin sharuɗɗanta. Sharuɗɗan su ne tsoron a dube ka a ga aibinka, tsoron ya wuce girman abin, ya daɗe wata shida ko fiye, mutum ya riƙa kauce wa wuraren ko ya jure su cikin azaba, kuma abin ya taɓa karatunsa ko sana'arsa ko zumuncinsa. Shekarun da ta fi farawa su ne tsakanin 8 da 15. Matashin ya cika su duka. An kuma bi ma'aunin Liebowitz na 1987 da shi, mai yanayi 24 da ake ba kowanne maki na tsoro da na kaucewa, jimla 144, ya samu 91.

Wahalar da aka fi sha ita ce raba ciwon da kunya. Littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka suna lissafa kau da ido da jan fuska cikin manyan alamomi. Jan fuska ba ya bayyana sosai a fatarmu, shi kansa matashin abin da yake tsoro a gani shi ne gumi da rawar hannu. Sunkuyar da kai kuwa tarbiyya ce a nan: yaron da ya zuba wa babba ido shi ake zargi, kuma mutum yana kauce wa surukinsa, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, babu wanda ya ce ba su da lafiya. Abin da ya warware matsalar shi ne tambayar wa yake jin nauyi. Kunya tana da ƙa'ida, ta san wanda ake yi wa ita da lokacin da ake ajiye ta, kuma mai ita ba ya kwana yana zullumi. Shi kuwa wannan yana kau da ido daga sa'o'insa, daga mai shayi, har daga 'yan aji uku na firamare, yakan kuma yi kwana biyu ba barci kafin ranar da zai yi magana. Wani babban bincike na ƙasashe da aka wallafa a 2017 ya samu kashi 4 cikin ɗari na mutane sun taɓa fama da cutar, a Amurka kashi 12, a Nijeriya ƙasa da kashi ɗaya. Ra'ayina shi ne wani ɓangare na wannan tazara daga irin rufin da uwar wannan matashi ta samu ya fito.

Magani da abin da ya biyo baya

An fara da raba shi da tiramol a hankali, domin haɗa shi da magungunan da ke ɗaga sirotonin, wani sinadarin isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, yana iya jawo guba mai kawo zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa, yana kuma iya kawo farfaɗiya. Bayan nan aka fara jinyar sauya tunani da ɗabi'a, wadda hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya ta sa a gaba a jagorarta ta 2013, bisa tsarin da David Clark da Adrian Wells suka shimfiɗa a 1995. Tsarin ya ginu ne a kan cewa mai cutar yakan juya hankalinsa ciki, ya ƙera hoton kansa daga abin da yake ji, sannan ya ɗauka hoton ne mutane ke gani. An ɗauke shi bidiyo da waya yana karatu, kafin a nuna masa aka ce ya kimanta rawar hannunsa, ya ce duk wanda ke ƙofar aji zai gan ta. Da ya kalla sai da ya mayar da bidiyon baya kafin ya gano wurin da takardar ta motsa. An kuma sa shi ya bar dabarun ɓuya da ya saba, irin su cusa hannu cikin aljihun riga da matse alli har ya karye, waɗanda su ne ke ƙara rawar. Daga nan aka bi mataki-mataki: sallama a majalisa, shan shayi a tebur, tayar da iƙama, jan ƙannensa sallar Magariba a tsakar gida. An nemi Alhaji ya daina amsa tambaya a madadinsa, abin da ya yi masa wuya fiye da sayen magani.

Saboda halin da hanya ke ciki ba kowane mako yake iya zuwa Gusau ba, wasu zaman ta waya aka yi su, kuma wannan ne ya sa aka ƙara masa da ƙwayar satiralin, ɗaya daga cikin magungunan da ke ɗaga sirotonin, aka faɗa masa kada ya sa ran ganin aikinta kafin mako huɗu zuwa shida. An guji ce masa sirotonin ɗinsa ne ya yi ƙasa, domin binciken da aka yi a Jami'ar Uppsala ta Suwidin a 2015 ya samu akasin haka, wato masu cutar sun fi samar da shi a amigdala. A wannan jami'ar ne kuma Tomas Furmark da abokansa suka nuna a 2002 cewa waɗanda suka samu sauƙi da ƙwaya da waɗanda suka samu sauƙi da jinyar magana, duka zaburar amigdalarsu ta ragu a lokacin jawabi. Wannan ya taimaka wajen gamsar da mahaifin cewa zaman hirar ma magani ne, ba ɓata kuɗin mota ba.

Bayan wata bakwai makinsa a ma'aunin Liebowitz ya sauka zuwa 48, wanda har yanzu bai fita daga da'irar cutar ba. Ya sake koyarwar gwajin a wata makaranta ya kammala, an kuma duba shi sau biyu bai bar aji ba. Da aka maimaita gwajin karatu gaban ɗaliban jinya, bugun zuciyarsa ya kai 112, raguwar da ba ta taka kara ta karya ba idan aka gwada da sauyin da ya samu a rayuwarsa, kuma ya karanta sakin layin har ƙarshe. Bai koma ga tiramol ba a iya abin da shi da iyayensa suka shaida. Har yanzu bai yarda ya yi limanci a masallacin unguwa ba, kuma zuwa gaishe da iyayen yarinyar da yake nema ya ɗage shi sau da dama, don haka waɗannan biyun su ne matakan da aka sa a gaba. An tsara zai ci gaba da satiralin aƙalla wata shida daga lokacin da sauƙin ya tabbata, sannan a riƙa rage shi sannu a hankali, kuma ba za a fara ragewar a zangon jarrabawarsa ta ƙarshe ba.